Buhun Da Ya Zo Da Dare

A wani gari na ƙasar Kurfai, cikin garuruwan nan da ke jere a kwarin Dallol Bosso tsakanin Filinge da Abala, an yi wani Alhaji wanda labarin duniya ba ya wuce shi. Sunan garin da na Alhajin duka na bar su a cikina. Wanda ya ga labarin ya yi kama da wani da ya sani, wannan tsakaninsa da zuciyarsa ne.

Alhajin shi ne shugaban kwamitin bankin cimaka na garin. Wata ƙungiyar agaji ce ta gina mangazar a shekarun baya, ta zuba buhunan hatsi a matsayin jari, ta tara mutane ta yi musu bayani: da kaka, lokacin da tiya ke arha, a saya a ajiye, idan damina ta yi nisa, rumbuna sun ƙare, 'yan kasuwa sun tsauwala, a buɗe a sayar wa 'yan gari da rangwame, kuɗin ya koma asusu. Aka zaɓi shugaba da ma'aji da mai rubutu. Aka sa wa ƙofar kwaɗo biyu, aka ce kada mabuɗan su kwana a gida ɗaya. To, ma'aji ya tafi ci-rani Kwatano, shiru kake ji. Mai rubutu Allah ya yi masa rasuwa. Mabuɗi biyu da littafin lissafi duk suka tare a ɗakin Alhaji. Ba wanda zai ce ƙwacewa ya yi. Haka abin ya zo, shi kuma bai ture ba.

Kullum bayan la'asar akan shimfiɗa tabarmi a ƙofar shagonsa. Samari su hura gawayi su ɗora shayi. Ganyen na Alhaji, sukarin na Alhaji, don haka da wuya ka ji an ja da shi kafin a zuba kofi na uku. Shi kuwa yana kishingiɗe, carbi a dama, waya a hagu, yana sakin saƙonnin WhatsApp ɗaya bayan ɗaya, yana warware wa jama'a halin da duniya ke ciki.

Ranar da nake ba ku labari cikin Agusta ne, gero ya yi tsawo amma bai nuna ba, lokacin da gona ke kore shar ciki kuwa ba komai.

"Ku ji zalunci!" in ji Alhaji. "Dalar Amurka biliyan 38 aka yanka wa Isra'ila, ta ci shekara goma. Ƙasar da ba ta kai rabin jihar Tillaberi ba! Mu kuwa da soja suka karɓi mulki a Yulin 2023, wata uku ba a cika ba Amurka ta ɗauke hannu. Da Trump ya dawo a 2025 ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, amma na makaman Isra'ila ya ce kada a taɓa. Ku faɗa mini, in ba asiri ba mene ne wannan? Yahudawa sun shanye Turawa, sun gama da su."

"Sun shanye su, Alhaji," in ji mai fifita gawayi.

Ana cikin haka wata tsohuwa ta tsaya daga nesa, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa. Ƙwarya ce a hannunta, da 'yan kuɗi ƙulle a bakin zane.

"Alhaji, barka da hutawa. Na ce ko yau za a buɗe mangaza? Ko tiya biyu ce a auna mini."

"Iya, ai na gaya miki, sai kwamiti ya zauna."

"To yaushe zai zauna, Alhaji?"

"Za a yi shela."

Duk wanda ke wurin ya san abin da ke cikin tukunyar gidanta. Anza ce, 'ya'yan wani ɗan itacen daji masu azabar ɗaci, sai an ɓare, an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwa ana sake wani, kafin a dafa a lallashi cikin yara. Duk wanda ke wurin ya san kwamitin mutum ɗaya ne, ga shi nan kishingiɗe. Sun kuma san amalanken da ke fitowa ta bayan mangaza in an yi lisha, da ƙofofin da take tsayawa: gidan mai baki a fadar mai gari, gidan matar da ke tara mata ranar zaɓe, gidan wanda muryarsa ke danne ta kowa in an tashi taro. Ba wanda ya ce uffan. Tsohuwa ta sa takalminta ta juya, aka zuba kofi na biyu.

A gefen tabarma akwai wani tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya, kowa Mushe yake ce masa. Ya koyar a Filinge, ya koyar a Bonkuku, rabin masu gemun garin sun sha bulalarsa. Taubashin Alhaji ne, ɗan mace da ɗan namiji, saboda haka maganar da wani zai faɗa a tashi faɗa, shi sai ya faɗe ta a yi dariya. Bai bi tsohuwar da kallo ba, bai ambaci mangaza ba. Gyaran murya kawai ya yi.

"Taubashi, lissafinka daidai ne. A 2016 aka ƙulla yarjejeniyar, zamanin Obama, biliyan 3.8 kowace shekara. Asirin ne ban yarda ba. In kuwa asiri ne, to kakanninmu ma sun taɓa yi wa Bature irinsa a nan Kurfai."

"Bawana, ka fara ko?"

Sai Mushe ya ɗauko zance daga nesa. Ya ce kafin zuwan Nasara, Kurfayawa noma suke yi da kwari da baka a rataye, saboda harin da ke saukowa daga arewa. Ba su da sarki guda a kan kowa. Kowane gari da dattawansa, in yaƙi ya zo a bi mayaƙi. Da Faransawa suka iso wajen 1900, Mayaƙi Gado Namalaya ya dube su, ya dubi bindigoginsu, ya ba su hannu. Su kuma suka ɗora shi kan ƙasar Kurfai.

"Ban zarge shi ba," in ji Mushe. "Mutum ne da ya ga jama'arsa cikin tsoro ya nemi jingina."

Ranar amfanin abota ta zo a 1916. Firhun, sarkin Buzayen Iwillimmidan, ya tayar wa Faransa, ya sauko da rundunarsa kan Filinge cikin watan Afrilu. Mayaƙan Kurfai da sojan Faransa suka tsaya sahu ɗaya suka mai da shi baya. Cikin Mayu aka karya shi a Andarambukan, cikin Yuni aka kashe shi. Mushe ya ce a wannan shekara da ka tambayi Buzun Azawak, sai ya rantse maka Kurfayawa sun shanye Faransawa: ga sarauta an ba su, ga soja an girke musu.

"Alhali Bafaranshe mai gadi yake nema a ƙofar arewa. 'Ya'yansa na mutuwa a yaƙin Jamus, ba shi da sojan da zai watsa cikin daji. Ya sami mai gadi, ya biya shi."

Abin da ya biyo baya kowane tsoho a Kurfai ya ji shi daga bakin iyayensa: haraji, aikin dole, ɗiban samari soja. Shekara tara bayan Firhun, a 1925, iskokin da ake kira Babule, ko Hauka, suka hau wata mata a Shikal mai suna Shibo, iskoki masu fareti da sarawa irin na sojan Nasara. Matasa suka bi ta, suka daina jin maganar sarki. Kwamandan Yamai, Crocicchia, ya sa aka tattaro su aka kulle. 'Ya'yan ƙasar da ta tare wa Faransa Firhun ke nan. Sai fari da fara suka cinye gonaki, yunwar 1931 ta kashe dubban mutane a yammacin Nijar, masu karɓar haraji kuwa ba su fasa zagaye ba.

"Kowa ya ci ladan kuturu," in ji Mushe, ya bar sauran a baki.

Alhaji ya gyara zama. "To me ya haɗa Gado Namalaya da Yahudawa?"

"Shekara ta haɗa su, hali ya haɗa su."

A 1916 ɗin nan, in ji shi, wani Ba'ingile Sykes da wani Bafaranshe Picot suka zauna suka raba ƙasashen Larabawa a takarda, alhali Ingila ta riga ta kwaɗaita wa Sharif Husaini na Makka daula in ya tayar wa Turkawa. Ran 2 ga Nuwamba 1917 ministan harkokin wajen Ingila, Balfour, ya rubuta wasiƙa ya yi wa Yahudawa alkawarin mazauni a Falasɗinu. Yanki guda, alkawari uku. Ingila na cikin yaƙi tana neman duk wanda zai tsaya mata, tana kuma son nata a kusa da mashigin Suwez, hanyarta ta zuwa Indiya.

A nan Mushe ya daɗe, ni ma zan ɗan daɗe, domin nan ne masu saƙon WhatsApp ke tsallakewa. Turawan da ake cewa an shanye, su ne suka fi kowa gallaza wa Yahudawa. Ingila ta kore su ƙaf a 1290. Sifaniya ta kore su a 1492, sarkin Turkawa Bayazid na biyu ne ya buɗe musu ƙofa, Musulmi ne. Mushe bai bar mu mun wanke kanmu tas ba: ya ce a wannan zamanin ne Shehu Magili, wanda ya zo Kano lokacin Muhammadu Rumfa, ya sa aka rushe ɗakin ibadar Yahudawan Tuwat, alhali alƙalin Tuwat ɗin bai yarda da fatawarsa ba. A 1894 Faransa ta ƙaga wa wani hafsan sojanta Bayahude, Dreyfus, laifin cin amanar ƙasa, ta jefa shi kurkuku a tsibiri, daga baya ƙarya ta fito fili. Irin waɗannan abubuwa suka sa wani ɗan jarida, Herzl, ya tara taro a Basel a 1897 ya ce zama a gidan Bature ya ƙare, a nemi ƙasa.

Da Hitler ya matsa musu, ƙasashe 32 suka taru a Evian ta Faransa a 1938 don a ga wa zai karɓi masu gudun. Kowa ya tashi ya yi jaje, kusan kowa ya ce gidansa ya cika. A 1939 wani jirgin ruwa mai suna St. Louis ya ɗauko Yahudawa fiye da 900 daga Jamus. Kuba ta hana yawancinsu sauka, Amurka ta hana, jirgin ya juya Turai, fiye da 200 daga cikinsu suka mutu a hannun 'yan Nazi. A shekarar nan dai Ingilar da ta yi alkawarin Balfour ta ce mutum 75,000 kawai za a bari su shiga Falasɗinu cikin shekara biyar, saboda yaƙi na tafe kuma a lokacin Larabawa ta fi buƙata. Kafin yaƙin ya ƙare an kashe Yahudawa miliyan shida.

"Ina asirin yake a 1939, taubashi? Wanda ya shanye Bature ai ba ya yawo a teku yana roƙon a bar shi ya sauka. Ku da kuka ga mutanen Mali sun sauka Abala a 2012 da tabarma da tulu, kun san kamannin wanda ba shi da wurin komawa."

Mai shayi ya manta da butarsa har ta tafasa ta zube kan gawayi.

Mushe ya ce kunya ce ta fara buɗe aljihu. A 1952 Jamus ta Yamma, ƙarƙashin Adenauer, ta yarda ta biya Isra'ila mak biliyan uku na diyya. Cikin Yahudawan ma wasu sun ƙi. Menachem Begin ya ja zanga-zanga a Ƙudus yana cewa kuɗin jini ne. Amurka kuwa ba da gudu ta shigo ba. Gaskiya ne Truman ya amince da Isra'ila minti 11 bayan an yi shelarta ran 14 ga Mayu 1948, amma sakataren harkokin wajensa, Marshall, bai so ba, kuma Amurka ta hana sayar da makamai ga masu yaƙin, Isra'ila da Larabawa duka. Bindigogin da Isra'ila ta yi yaƙin farko da su daga Cekoslobakiya suka zo, da yardar Stalin. Bayan nan Faransa ce uwar ɗakinta, Faransarmu dai, ita ta sayar mata da jiragen Mirage, tare suka auka wa Masar a 1956, lokacin da Faransa ke jin haushin Nasser na Masar saboda yana taimakon 'yan Aljeriya. Da aka gama yaƙin Aljeriya lissafi ya sake, a 1967 De Gaulle ya rufe ƙofar makamai. Nan ne Amurka ta rungumi Isra'ila sosai, don Masar da Siriya na ɓangaren Rasha, ita kuma tana son nata mai gadin.

"Kuma ka duba, da Sadat ya yi sulhu da Isra'ila a 1979, Masar ta shiga layi, dala biliyan 1.3 na kayan soja take karɓa a shekara. Misirawa ma asiri suka yi? Sannan kuɗin da ke hana ka barci, mafi yawansa bai bar Amurka ba. Sharaɗi ne a sayi jirage da bama-bamai daga masana'antunta. Ga kuma miliyoyin Kiristocin Amurka da suka ɗauka komawar Yahudawa wannan ƙasa cikar alkawarin littafinsu ce. Sun fi Yahudawan Amurka yawa nesa ba kusa ba, kuma suna jefa ƙuri'a."

Ya kurɓi shayi, ya ce mu ma Nijar mun iya wannan lissafi. Zamanin Diori Hamani muna hulɗa da Isra'ila. A Janairun 1973 muka yanke, lokacin da Libiyar Gaddafi ke zawarcin ƙasashen Afirka da kuɗin man fetur. A 1996 muka ƙulla, a 2002 muka sake yankewa. Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, ba don son Agadasawa ba. A 2024 aka ce ta tattara, ta tattara. Rashawa sun iso cikin Afrilun 2024 ɗin, kuma sabon baƙo ma da nasa lissafin ya zo.

Alhaji ya tafa hannu. "La ilaha illallahu! Jama'a ku shaida, bawana ya zama lauyan Yahudawa."

Mushe bai yi dariya ba wannan karon.

"Ban zama ba. Wanda ya biya bashin Turai ba Bature ba ne. Falasɗinawa kusan 700,000 suka bar gidajensu a 1948, har yau jikokinsu na sansani, su da ba su gina ɗakin gas ko ɗaya ba. Harin Hamas na Oktoban 2023 ya kashe mutum kusan 1,200, wannan ma jini ne, ban ce ba jini ba ne. Abin da aka yi wa Gaza bayansa, dubun-dubatar rayuka, mata da ƙananan yara ba iyaka, da bama-baman da wannan tallafi ya saya, Allah zai tambaya. Cikin masu fita titin New York suna cewa a daina, akwai Yahudawa. Zalunci ne, kuma kiransa asiri rage masa nauyi ne, don wanda aka yi wa asiri ba shi da laifi. Masu ba da kuɗin nan da hankalinsu suke bayarwa."

Ya ajiye kofi.

"Abin da nake so yaran nan su gane ɗaya ne. Mai rabon tallafi ba mai yunwa yake dubawa ba. Buhu ba ya zuwa gidan da aka kwana ba a ci ba. Gidan da za a tsaya maka ranar taro yake zuwa. Wanda ba shi da murya sai a ce masa ya jira kwamiti ya zauna."

Wurin ya yi tsit. Samari suka zuba wa gawayi ido. Carbin Alhaji ya tsaya.

"A Majalisar Ɗinkin Duniya nake nufi," in ji Mushe.

Wani yaro daga baya, wanda da alama bai sha sukarin Alhaji da yawa ba, ya ce, "Baba Mushe, to su Yahudawan ba su yi wa kansu komai ba, sai abin da aka ba su?"

Mushe ya ce sun yi, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi so a ji, ko da mutum yana ƙin abin da aka yi da kuɗin. A 1901 suka kafa asusun sayen filaye a Falasɗinu. Aka ƙera wani ɗan akwatin kwano shuɗi mai tsaga a sama, aka rarraba gida-gida. Talakan Bayahude a ƙauyen Folan, mai gyaran takalmi, matar da ba ta da zane biyu, kowa ya jefa ɗan abin da ya samu. Lokaci-lokaci mai karɓa ya zo da mabuɗi, ya buɗe a gaban masu gida, ya ƙirga, ya rubuta rasit. Da irin wannan kuɗi aka sayi filaye daga manyan masu ƙasa, wasunsu suna zaune Bairut, aka tashi manoman Larabawa da ke nomansu.

"Kun ga abin ya yi wa wasu ciwo. Amma ku lura, mutane ba sa ci gaba da jefa kuɗi a akwati shekara da shekaru in mai mabuɗi ba ya nuna lissafi. Mu kuwa an gina mana ɗaki, an zuba mana jari, an saya mana littafi da biro." Ya yi shiru kaɗan. "Nijar nake nufi, ƙasa baki ɗaya."

"Lokacin salla ya yi," in ji Alhaji, alhali rana ba ta faɗi ba.

"Saura ɗaya, taubashi, gajere ne. Ka tuna 15 ga Afrilu 1974? Kana yaro, ni na fara wayo. Seyni Kountché, ɗan Fandu, nan maƙwabtanmu, ya kifar da Diori. Cikin hujjojin da soja suka kafa akwai hatsin agajin fari da manya suka karkatar mutane na mutuwa. Duniya ta aiko, ya iso Yamai, bai iso ƙwarya ba. A wannan ban ji an ambaci Bayahude ko ɗaya ba."

Alhaji ya tashi ya kaɗe riga ya nemi buta. Majalisa ta watse ba a sha kofi na uku ba.

Ni a ganina da Mushe ya tsaya nan, da labarin bai cancanci tawada ba. Tsofaffin malaman lakwal masu iya zance sun cika ƙasar nan, kuma zance ba ya buɗe kwaɗo. Abin da ya faru da dare ne ya sa na rubuta.

Bayan lisha amalanke ta fito ta bayan mangaza kamar yadda ta saba, sai dai wannan karon ta ƙara zango ɗaya. Yaron Alhaji ya yi sallama a ƙofar Mushe, ya sauke buhun hatsi a zaure, ya ce, "Baba, wai in ji Alhaji, a yi wa yara fura. Wai zumunci ne." Kafin a amsa ya ja jakinsa.

Gidan Mushe ba gidan wadata ba ne. Kuɗin fansho ne, sai jikoki da iyayensu suka bari suka tafi nema. Uwargida ta fito da fitila ta haska buhun, ta shafa ɗinkin bakinsa, ga tambarin ƙungiyar agajin nan ɓaro-ɓaro a jiki.

"Malam, kada ka ce a mayar. Ɗan'uwanka ne ya aiko, ba roƙa muka yi ba. Tun shekaranjiya nake auna rabin abin da na saba."

"Ban ce a mayar ba."

"To me kake kallo?"

"Ina duba nawa ne kuɗina. Ashe buhu guda ne."

Ta ce ita dai ba ta san wannan ba, yara ta sani. Mushe bai yi gardama ba, don ta fi shi gaskiya a wannan. Da gari ya waye ya buɗe akwati ya ƙirgo kuɗin buhu a farashin da aka yanka wa bankin cimaka, ba na kasuwa ba. Bai aika da yaro ba. Ya jira la'asar, tabarma ta cika, ya ajiye kuɗin gaban Alhaji kowa na gani.

"Taubashi, na gode, buhu ya iso. Ashe kwamiti ya zauna ban ji shela ba. Ga kuɗin asusu. A rubuta a littafi, a ba ni rasit. Na kuma biya ta gidan Iya na gaya mata an fara sayarwa, tana nan tafe da maƙwabtanta."

Suna kuwa tafe, da ƙorai da kwanoni, har da masu goyo. Alhaji ya dubi kuɗin, ya dubi hanya. Ranar dai an buɗe mangaza da rana tsaka a karo na farko cikin wannan damina, aka auna wa mata har aka kira magariba. Waɗanda suka leƙa ciki sun ce buhunan ba su kai abin da ake zato ba, amma ba mai iya cewa nawa suka ɓata, don littafin bai fito ba. Alhaji ya ce yara sun ɗauke masa biro, ya ce za a rubuta rasit in an natsu. Kwana biyu aka koma shan shayi, ya koma kan Amurka da Yahudawa, muryarsa ma ta ƙara ƙarfi.

Mai karatu, in akwai mangaza a garinku, ko asusun masallaci, ko kuɗin rijiya, ko wani abu da ya fi waɗannan girma, kafin kaka ta zo a sake zuba hatsi, ku nemi a fito da littafin a karanta shi da ƙarfi a gaban maza da mata, a kuma raba mabuɗan gida biyu. Mushe har yau yana jiran rasit ɗinsa.